Wa Ya Shuka Kacala a Fadamun Haɗeja da Nguru?

Jama'a, muna so ku dubi abin da ke faruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ku yanke hukunci da kanku. Mutanen ƙauye, manoma da masunta, su ne ke yin gayya su shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda, suna saran kacala don su buɗe wa ruwa hanya. Ba mai biyansu ko anini. Su ne kuma ke zagayawa cikin kwalekwale suna duba inda ciyawar ta sake toshewa, su kai wa mai gari labari. Sa'an nan manya su zo cikin mota, su ce madalla da 'yan sa kai, a ɗauki hoto, su koma birni.

To, mu wannan yabo bai ishe mu ba. Tambayarmu ita ce, wa ya ba kacala gindin zama?

Dattawa sun sani, a dā kogin Haɗeja yakan yi ambaliya da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe har ta tsage. Kacala kuwa ba ta jimre wa bushewa. Aka gama madatsar ruwan Tiga cikin 1974, aka ƙara ta Calawa cikin 1992, aka shiga sakin ruwa rani da damina saboda famfunan Kano da noman rani na Kadawa. Ba mu ce kada Kano ta sha ruwa ba. Amma tun daga nan kogi ya daina bushewa, laka ta kwanta, kacala ta kafa saiwa, ta yi tsawo har ta shanye mutum a tsaye. Ta toshe Burum Gana, ruwa ya karkata mashigar Marma ya cinye gonakin wajen Nguru, mutanen Gashuwa kuwa nasu rabon ya ragu. Cikin duhunta tsuntsayen jan baki ke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da dawa. Ga sauro, ga tsargiya.

Ashe ba sakacin talaka ya kawo ta ba. Da alƙalami aka shuka ta a ofis, ga shi an bar shi yana nome ta da lauje!

Su 'yan gayyar nan sun fi masu motar sanin aikin. Sun san in ka sare kacala a saman ruwa, aikin banza ka yi, za ta tofo. Sai an sare ta ƙarƙashin ruwa saiwar ke shaƙewa ta ruɓe. Watau dole mutum ya wuni cikin ruwan da ke sa shi fitsarin jini. Shin wa ke sayen maganin?

Cikin 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, saboda tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai su yi hunturu a nan. Gwamnati ta karɓi wannan girma hannu bibbiyu. To, ta ɗauki nauyinsa mana.

Muna kira ga Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are, wadda makullin madatsun nan ke hannunta, ta zauna da wakilan ƙauyukan fadama a shirya lokacin sakin ruwa, yadda mashigai za su sami 'yan makonni su bushe kowane rani. A kawo injunan yasa su buɗe Burum Gana. Wanda kuma ya shiga ruwa saboda aikin jama'a, a biya shi ladan wuninsa, a ba shi magani kyauta.