SHARHI: Wa ya ƙirga kwalaben kodin miliyan uku? Tambayar da ke gaban ɗaliban kiwon lafiya a Daura

A 2017 aka bayyana a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan uku ta maganin tari mai kodin kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. Adadin ya shiga bakin duniya, daga kanun jaridu zuwa jawaban taro, har ya kutsa cikin rubuce-rubucen masana. Bayan binciken da BBC ta watsa a Afrilun 2018, Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa maganin da shigo da shi.

A Janairun 2019 kuma, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar da rahoton binciken da aka bi gida-gida. Rahoton ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda, daga ciki miliyan 2.4 ne suka sha maganin tari ba don jinya ba, a faɗin Najeriya baki ɗaya. Idan aka jera alƙaluman biyu, kwalaben da aka ce jihohi biyu na shanyewa a rana sun fi yawan masu shan maganin a duk ƙasar. Annobar kodin gaskiya ce, sai dai adadi ɗaya yana da hanyar ƙirga da kowa zai iya bi, ɗayan kuwa furuci ne na zauren majalisa.

Wannan bambanci ya shafi Daura kai tsaye. Masarautar na maƙwabtaka da Jigawa ta ɓangaren Kazaure, ga kuma iyakar Kongolam da Jamhuriyar Nijar. Garin na da Makarantar Koyon Aikin Kiwon Lafiya, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da asibitin Rundunar Sojin Sama da marigayi Muhammadu Buhari ya buɗe a 2019. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a yau, shi ne gobe zai zauna a ɗakin shan magani na Baure, Zango, Sandamu ko Mai'adua, inda sau da yawa maganarsa ce ta ƙarshe ga majinyaci.

Tarihin likitanci ya nuna abin da sakaci wajen jingina magana ke haifarwa. A 1980, Jane Porter da Hershel Jick suka aika wa mujallar New England Journal of Medicine wasiƙa mai jimla biyar. Sun ce cikin majinyata 11,882 da aka bai wa magungunan kashe zafi masu ƙarfi, huɗu kaɗai aka samu da jaraba. Majinyatan nan kuwa a kwance suke a asibiti, ƙarƙashin idon likitoci. A 2017 wasu masu bincike a Kanada suka gano an kafa hujja da wasiƙar sau 608. Kashi 72 cikin ɗari sun kawo ta a matsayin shaidar cewa jaraba ba kasafai take faruwa ba, kusan kashi 81 kuma ba su ambaci cewa a gadon asibiti aka yi ƙirgar ba. Da irin wannan ikirari aka tallata magungunan ga masu jinya a gida, kuma Amurka ta yi asarar dubban ɗaruruwan rayuka. Sunan wasiƙar da shekararta suna iya fitowa daidai a ƙarshen maƙala, amma an ɗora mata abin da ba ta faɗa ba.

Ɗan Daura da ya zauna gaban malamin zaure ba baƙo ba ne ga wannan ilimi. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta, sun san wa ya ji daga wa, kuma ko ya riski wanda ya ruwaito daga gare shi. Tsarin Vancouver, wanda editocin mujallun likitanci suka tsara a 1978, manufarsa ke nan: lambar da ke gefen jimla ta kai mai karatu ga asalin maganar. Wanda ya kwafo madogara daga jerin wani ba tare da ya buɗe ta ba, ya ruwaito daga wanda bai taɓa ji ba.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara tsananta lamarin, domin suna iya ƙago sunan marubuci da mujalla da lambar shafi. A Mayun 2025, kafar NOTUS ta gano cewa wani rahoton gwamnatin Amurka kan lafiyar yara ya kafa hujja da binciken da babu su. Idan hakan ta faru a Washington, ɗalibin da ke rubutu a waya da ragowar data ya fi kusa da ramin.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. Malami mai duba kundi zai iya zaɓar madogara uku, ya nemi ɗalibi ya buɗe su a gabansa, ya nuna jimlar da ya dogara da ita. Shafin PubMed kyauta ne, kuma yana nuna maƙalar da aka janye. Idan daga bakin ɗan siyasa adadi ya fito, a rubuta cewa daga bakinsa ya fito, kada a sa masa rigar bincike.

Hakkin bai tsaya kan makaranta ba. Da alƙaluma ake kare kasafin kuɗi, da su ake neman tallafi, da su ake haramta magani ko a halatta shi. Duk jami'in da ya ambaci adadin masu ciwo ko masu shaye-shaye a masarautar Daura, matasa na da ikon tambayarsa abu uku: wa ya ƙirga, a ina, kuma a wace shekara.