Ƙirjin Janar Ba Faifan Mai Talla Ba Ne

Jama'a, akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da wasanninmu na kwaikwayo, watau yadda ake shirya hafsan soja idan labari ya biyo ta kansa. Duk wanda ya saba zama gidan kallo, ko a nan Bukan Sidi cikin Lafiya ko a Fagge ta Kano, ya san mutumin da nake nufi. Zai shigo ofis da hantsi domin ya sa hannu a takarda kurum, amma ga lambobi jere tun daga kafaɗa har cibiya, hagu da dama, suna ƙara kamar kayan kai na amarya. Sau da yawa kuwa yaro ne wanda gemunsa bai gama tsirowa ba.

Wannan siffa tana da asali, kuma asalin nata ba a cikin almara yake ba. Idi Amin na Uganda, wanda ya ƙwace mulki a 1971, ya naɗa kansa Fil Mashal a 1975, sa'an nan ya yi ta liƙa wa kansa lambobi, har da wadda ya ce ta cin daular Ingila ce da yaƙi. Bokassa na Afirka ta Tsakiya shi kam ya yi wa Faransa yaƙi da gaske, ya sami lambobinsa na halal, amma ba su ishe shi ba, sai da ya ɗora wa kansa kambin sarauta a Bangi cikin Disamba 1977. Dukansu biyu a 1979 aka kore su. Can Rasha ma an ba Brezhnev lambar nasara mafi girma ta ƙasar a 1978, wadda aka tanada domin manyan kwamandojin da suka ci yaƙi, har ta kai ga an soke ta a 1989, bayan mutuwarsa.

To, daga irin waɗannan mutane ne marubuta suka ɗauko hoton. Wole Soyinka ya yi wasansa mai suna A Play of Giants a 1984, inda ya tara azzaluman shugabannin Afirka huɗu, ya sāke musu suna, ya bar su suna tona wa kansu asiri. Haka kuma a fim ɗin The Dictator na 2012, an cika ƙirjin shugaban wata ƙasar almara da lambobi domin mai kallo ya gane nan take cewa gangar nan ba kome a cikinta. Watau a hannun wanda ya san abin da yake yi, yawan lambobi zambo ne.

Inda gizo yake saƙar shi ne, namu masu shirya wasa sun ari rigar ba su tambayi ma'anarta ba. Sai ka ga hafsan da labari yake so mu girmama, mai gaskiya, uban yarinyar da ake nema da aure, an yi masa shigar Idi Amin. Suna nufin yabo, sun yi zagi ba su sani ba. Alhali kuwa aikin soja yana da ƙa'ida a kan kome. Igiya uku ta saje ce. Mikiya ɗaya a kafaɗa manjo ke nan, mikiya da anini biyu kanar. Lambobin ƙarfe a hagun ƙirji ake jera su, bisa tsari, kuma sai ranar fareti ko wani babban biki. Ran aiki ɗan ƙyalle mai launi ne kaɗai yake tsaya musu. Da yawa daga cikinsu ma na daɗewa ne a bakin aiki, saboda haka ɗan shekara talatin ba shi da inda zai samo su, sai fa a wurin tela.

Wani zai ce ai wasa ne, mene ne na tada jijiyar wuya? Amsata ita ce a tuna da Chari Maigumeri. Babarbare ne, kuma mutanen Lafiya, da yake Barebari ne suka kafa garin, suna iya cewa nasu ne. Ya fara soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, ya yi musu Yaƙin Duniya na Farko, suka ba shi lambarsu ta jarumta. Daga baya ya shiga rundunar Ingilishi ta Afirka ta Yamma, ya yi yaƙin Habasha, ya yi na Bama, ya kai samanja babba, bai bar aiki ba sai 1953, aka sallame shi da girman kyaftin. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Kowace lamba a ƙirjin irin wannan bawan Allah akwai daji a bayanta, akwai yunwa, akwai abokan da aka binne a ƙasar da iyayensu ba su taɓa jin sunanta ba. Idan yaro ya tashi yana ganin ana raba lambobi a fim kamar goron suna, ran 15 ga Janairu da ya ga 'yan mazan jiya sun fito da 'yan lambobinsu uku ko huɗu, me zai ɗauke su? Ƙananan ma'aikata waɗanda ba su taɓuka kome ba.

Abin haushin shi ne mun taɓa yin wanda ya iya. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda duk Arewa ta sani da Samanja Mazan Fama, ya rasu a 2023, soja ne na gaske kafin ya zama na wasa. Abin da ya riƙe mutane a gaban rediyo da talabijin na Kaduna shekara da shekaru shi ne tsawarsa, da gashin bakin nan, da Hausar bariki mai gauraye da Turanci. Mai sauraron rediyo bai ga ko maɓalli ɗaya ba, amma ya san da samanja yake tare.

Gyaran ba shi da tsada. Akwai ƙungiyar tsofaffin sojoji a kowace jiha, kuma da wuya a rasa saje ko kofur mai ritaya a unguwa. Mai shirya wasa ya kai masa rigar kafin a kunna na'ura, ya ba shi ɗan abin goro. Cikin minti biyar zai cire abin da ya kamata a cire, ya kuma nuna wa ɗan wasan yadda ake sara wa na gaba, domin wannan ma yawancinsu ba su iya ba.