Alhaji, daina jiran Bature, ka gyara burkin motar



Sati biyu ke nan wani hoto yana yawo a wayoyinmu. Tsohuwar Land Rover ce koriya shar, tana ƙyalli kamar an lashe ta. A ƙasa an rubuta kuɗinta da fam na Ingila, wani kuma ya juya shi zuwa sefa ya ƙara da cewa masu tsofaffin kat-kat arziki ya same su. An turo mana shi a lambar gidan rediyo har mun daina ƙirgawa. Da farko dariya muka yi. Dariyar ta tsaya ranar da wani dattijo ya kira daga wani ƙauye a yankin Dungu, ya ce motar da ke kai su kasuwa ta daina zuwa. Muka ce lalacewa ta yi, Baba? Ya ce lafiyarta lau. Mai ita ne ya shigar da ita gida ya lulluɓe da tampol, wai wani dillali ya faɗa masa akwai Turawa masu neman irinta, kada ya ci gaba da kashe ta da buhunan gero.

To, bari mu yi magana, tunda abin ya wuce wasa.

Hoton ba ƙarya ba ne, gaskiya sai a faɗe ta. Kamfanin Land Rover ya fara ƙera motarsa a 1948, kuma a watan Janairu na 2016 ya tsayar da tsohuwar Defender a masana'antarsa ta Solihull da ke Ingila. Abin da aka daina yi, dole ya yi tsada a wurin masu sonsa. A 2018 kamfanin da kansa ya ɗauki Defender guda 150, ya sake su, ya sa musu injin esansi V8 mai lita 5 da buwat otomatik, ya ce farashi ya fara daga fam 150,000. A kuɗinmu ya haura miliyan 100. A Amurka kuwa, daga 1993 zuwa 1997 kaɗai aka sayar da tsohuwar Defender a hukumance, kuma dokarsu ba ta barin a shigar da irin wannan mota daga waje sai ta cika shekara 25. Shi ya sa suke rububinta. Haka abin yake ga tsohuwar Land Cruiser mai lamba 40, wadda Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984. A 2021 ma Toyota ta sanar da cewa za ta koma yin wasu kayan gyaranta, saboda masu ajiye ta sun yi yawa.

Amma dillalin da ya nuna wa Alhaji hoton bai gaya masa me ake saye da waɗannan miliyoyin ba. Ba tsufan ƙarfen ake saye ba. Motar nan ana wargaza ta ne gaba ɗaya, har noti na ƙarshe. A raba jiki da shasi, a goge shasin ko a kawo sabo, a sake waya duka, a sake burki, a sake inji, a ɗinka kujeru da fata, a yi fenti a ɗaki mai rufe don kada ƙura ta taɓa. Watanni ake yi, wani lokaci fiye da shekara, kuma kowace awa da makaniki ya yi a kanta biya ake yi da kuɗin Turai. In ka cire ladan aiki da kuɗin sabbin kaya da ribar kamfani, abin da ya rage wa tsohuwar motar da aka fara da ita bai taka kara ya karya ba.

Sai kuma maganar takardu, wadda ita ce za ta fi kashe wa Alhaji jiki. Mai sayen irin wannan mota yana son lambar shasi ta dace da kart giriz, injin ya dace da shekarar motar, tarihinta ya fito fili. A 2014 hukumomin Amurka sun bi gida-gida sun ƙwace Land Rover wajen 40 a hannun masu su, kan zargin an yi wasa da lamba ko shekara. Yanzu ku je tasha ku buɗe gaban kowace tsohuwar kat-kat da kuka gani. Jikin Land Rover, injin wata mota daban, pon ɗin baya na wata, radiyato na wata, kart giriz kuma da sunan mutumin da ya rasu tun zamanin Baare. Ba muna zagi ba ne, wallahi dabarar makanikanmu ce ta raya waɗannan motoci har yau. Amma wanda ke neman mota ta asali, in ya ga tamu, ko farashi ba zai tambaya ba.

Akwai masu cewa ai namu ba su da tsatsa, tunda ƙasarmu busasshiya ce, su kuma can gishirin da suke zuba wa hanya lokacin ƙanƙara yana cinye musu shasi. Wannan haka ne. Sai dai abin da tsatsa ba ta ci ba, lodi ya ci. Shasin da ya yi shekara talatin yana ɗaukar mutum ashirin da awaki da damman rake a kan hanya mai gargada, ku sunkuya ku duba, walda ce a kan walda.

Mun san me wasu za su rubuto a ƙasa: motarsa ce, kuɗinsa ne, in ya ga dama ya binne ta. Ba mu musa ba. Babu wanda ya isa ya tilasta wa mutum fitar da dukiyarsa. In ma da gaske wani ya zo da kuɗi a hannu, ba alkawari ba, ya saya a gaban shaidu, Allah ya sa albarka. Abin da muke ƙi shi ne yaudara. Mota a ajiye ba ta ƙara daraja a Matameye. Batir ya mutu, taya ta tsage, roba ta bushe, ɓera ya ci waya, gazuwal ya lalace a tanki. Bayan shekara biyu dillalin da ya yi maganar Bature shi ne zai dawo da ƴan gwangwan su auna ta a kilo.

Mu da muka yi lise an koya mana bambanci tsakanin farashin abu da amfaninsa, amma ko wanda bai taɓa shiga lekol ba ya san wannan. Ga Bature, wannan mota abin ado ce, ranar Lahadi ya fito da ita ya sha iska ya mayar. Ga mutumin ƙauyen da kwalta ba ta kai ba, ita ce hanya. Kwalta tamu sananniya ce: ta zo daga wajen Damagaram, ta ratsa Kance da Matameye, ta nufi Ɗan Barto da iyakar Najeriya. Da ka sauka daga kanta ka shiga rairayi da kwari, Hiace ta gama aikinta. Da rani yashi ne ke riƙe mota, da damina fadama ce. Babur yana shiga, amma babur ba ya ɗaukar buhu ashirin, kuma duk wanda ya taɓa ganin mace mai naƙuda a bayan babur ko a kan amalanke ana neman CSI da dare, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Rake da kayan lambun da ƙasar Kance ta yi suna da su, in ba su fito bakin kwalta a kan lokaci ba, manomi ne ke asara.

Ga inda muke son masu motocin su saurare mu da kyau, don laifin bai tsaya kan dillali ba. Mu ma muna "gyara" tsofaffin motoci, amma ku dubi inda kuɗin ke zuwa. Fenti mai walƙiya, fitilu kala-kala, oda mai kukan jirgi, lasifika, rubutu a gilas. Burki fa? Sai direba ya taka sau uku kafin ya kama. Mun taɓa shiga wata, muna dawowa daga ɗaukar rahoto, yaron mota yana rataye a baya da guntun icce a hannu. Muka ce na me ne? Ya ce shi ne burki in an tsaya a gangare. Kowa ya yi dariya, har da mu, Allah ya yafe mana. Mutum fiye da ashirin ne a motar nan.

Abin haushin shi ne, Baturen da muke wa dariya wai ya haukace, shi daga ƙasa yake farawa: shasi, burki, sitiyari, waya. Fenti ne na ƙarshe. Mu daga fenti muke farawa, a nan kuma muke tsayawa. Shi yana biyan makaniki da awa. Mu sai makaniki ya wuni a ƙarƙashin mota cikin rana, ya fito baƙi ƙirin, sannan a fara ciniki da shi kamar ana sayen tumatir, a ƙarshe a ce "sauran sai ranar kasuwa". In ya ce a sayo kaya na ainihi, a ce yana son cin kuɗi, a aika Kofar Ruwa a Kano a kawo mafi araha, bayan wata biyu a dawo ana zaginsa. Yaya za a yi yaro mai basira ya zauna a wannan sana'a? Tsofaffin da suka san injin 1HZ na Land Cruiser da kunne, wannan mai silinda 6 wanda babu kwamfuta a jikinsa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaransu sun koma kabu-kabu ko sun tafi Aljeriya da Libiya. Ranar da na ƙarshensu ya ajiye sifana, motocin nan sun zama gwangwan ko da Bature ko babu.

Don haka ga abin da muke roƙo. Sandikan direbobi, kun fi kowa sanin motar da ba ta da burki a tasharku. Kada ku jira sai jandarma sun zo auna wurin hatsari. Masu motoci, kuɗin fentin bana ku sa shi a burki da taya da lam. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM, ku nemi tsofaffin makanikan nan tun suna da rai, ku biya su, su koyar. Ƴan uwa na ƙetare masu turo mana hotuna, in kuna son taimakon ƙauyenku da gaske, ku haɗa kuɗi ku tayar da kat-kat ɗaya da aka jingine, a yi mata gyaran ƙasa, a ajiye lambar direba a wurin mai gari da ungozoma.

Shi kuwa Alhaji mai tampol, mun aika masa saƙo ta hannun wanda ya san shi. Mun ce ya tambayi dillalin abu uku: sunan mai saye, kafin alƙalami, da wanda zai biya duwan da jirgin ruwa. Har muka rubuta wannan, dillalin bai sake ɗaukar waya ba. A shirinmu na gaba za mu buɗe layi ga makanikai da direbobin hanyar ƙauye, su faɗa da bakinsu nawa ake kashewa a yi wa tsohuwar kat-kat burki na ƙwarai. Wanda yake da rasit, ya ɗauki hotonsa ya turo.