Fim ɗin Django da Iyakar Ramuwa a Musulunci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ɗalibina ne ya tambaye ni game da fim ɗin Django Unchained, wanda Quentin Tarantino ya fitar a 2012. Ya ce daɗi ya kama shi da ya ga bawa yana karkashe iyayen gijin bayi, shin akwai laifi a wannan farin ciki?

An gina labarin a kudancin Amurka a 1858. Wani Bajamushe mai farautar masu laifi don kuɗi ya 'yanta Django, suka nufi gonar Calvin Candie a Misisipi domin ceto matar Django. Ban musanta zaluncin da aka nuna ba. An yi wa mutane bulala, an raba uwa da ɗanta a kasuwa, kuma sai a 1865 tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta. Cikin waɗanda aka bautar har da Musulmi masu ilimi, irin su Umar bin Sa'id na Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya kuma rasu yana bawa. Wanda zuciyarsa ba ta ƙuna da wannan, to ya binciki imaninsa.

Matsalata da fim ɗin ita ce yadda yake koya wa mai kallo jin daɗin zubar da jini. Django ya harbe wani mutum yana noma a gaban ɗansa saboda lada. A ƙarshe ya harbe 'yar'uwar Candie wadda ba ta riƙe da makami, kuma an shirya wurin ne don a yi dariya.

Musulunci bai hana wanda aka zalunta haƙƙinsa ba. Sayyidina Bilal (RA) ya ga Umayya bin Khalaf, wanda ya azabtar da shi a kan rairayin Makka, a ranar Badar, ya kira Ansar a kansa aka kashe shi. Amma Umayya da ƙafarsa ya fito yaƙar Musulmi. Suratul Isra'i, aya ta 33, ta bai wa waliyyin wanda aka kashe iko, ta kuma hana shi wuce iyaka. Suratush Shura, aya ta 40, ta halatta sakayya daidai da laifi, ta ɗora ladan mai yafewa a kan Allah.

Mu dubi Wahshi. Bawa ne da aka yi wa alkawarin 'yanci idan ya kashe Sayyidina Hamza (RA) a Uhudu, ya kuwa kashe shi. Da ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi musuluncinsa bai kashe shi ba, duk da raɗaɗin da ke ransa, sai dai ya nemi ya kawar da fuskarsa daga gare shi.

Na ce wa ɗalibina: ƙin zalunci da ka ji alheri ne, riƙe shi. Amma ka auna shi a gida. Yaya kake yi da yarinyar aikin gidanku? Me ka ce ranar da aka hana wani aure don an ce kakansa bawa ne? Tafa wa Django ba wuya, domin azzaluminsa na can nesa.

Allah Ya tsare mu daga zalunci da wuce iyaka. Wallahu a'alam.