Nasarar Wa Za A Buga A Kan Zinariya?

Ƙasashen Turai na da al'adar buga manyan sulallan zinariya don tuna yaƙin da suka ci. A 2015, da yaƙin Waterloo ya cika shekara 200, Ingila ta buga nata. Beljiyam ma ta so fitar da tsabar yuro biyu, Faransa ta ƙi amincewa, domin ita aka ci a yaƙin. Bayan ƙarni biyu ke nan, amma ciwon bai warke ba.

Mu ma a Gana zinariyar tunawa ta shigo. A 2024 Babban Bankin Gana ya fitar da sulallansa, masu ɗauke da tambarin ƙasa da Ƙofar 'Yanci ta Akra. To, da za a ce yau a buga wata don wani yaƙi na arewa, wanne za mu zaɓa?

Yaƙin Salaga na 1892? Rikicin sarautar Kpembe ne, wanda ya ci ya samu kujera, amma kasuwar goro ta watse, fatake da malamai suka gudu, har Alhaji Umaru ya ƙare a Kete-Krachi. Adibo ta 1896 kuwa nasarar Jamusawa ce, daga nan suka shiga Yandi suka ƙone ta. A Sandema Builsawa na bikin Feok duk shekara don tuna korar Babatu, alhali kabarinsa na Yandi, jikokin mayaƙansa kuma suna zangunanmu, muna sahu ɗaya da su. A nan wanda aka ci maƙwabci ne, wani lokaci ma suruki.

Shi ya sa muke ganin sulallan da aka ƙaddamar a Manhyia a Disamba 2021 sun fi dacewa da mu. An yi su ne don karrama Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, kan aikin sulhu, musamman na Dagbon: daga kisan Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a 2002 zuwa naɗin Ya-Na Abukari na Biyu a 2019, shekara 17 ana kai da komo. Wasu sun ce kasuwanci ne aka sa wa rigar girmamawa, kuma ba su rasa hujja ba, tunda sayar da su ake yi, ba kuma talaka ke saye ba. Mai saye dai ya sani: uku masu nauyin oza ɗaya-ɗaya sun haura giram 85, in shekara ta zagayo zakka ta hau.

Bawku ba ta kai nan ba tukuna. Otumfuo ya zauna da wakilan Kusasawa da Mamprusawa a 2025, amma a Binduri an sha dokar hana fita, matafiyi daga Bolga kuma kan jira rakiyar soja kafin ya kama hanya.