RUMBU KAFIN DOGON SHARHI: Magana ga mutanen Jabo, Tambuwal da Kebbe



Tun daren 25 ga Disamba 2025, da Amurka ta kawo hari Jihar Sakkwato har wasu ɓaraguzai suka faɗo mana nan Jabo, kowa ya koma masanin siyasar duniya. Majalisar mai shayi sharhi, Facebook sharhi. Ba laifi ba ne. Amma ni tambayar da ta hana ni barci daban ce: da a ce abin ya yi muni, an rufe hanya da kasuwa na mako biyu, gida nawa ne cikinmu zai ci gaba da ɗora tukunya?

Ba yau aka fara yi mana gargaɗi ba. A 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato saboda 'yan bindiga. Farkon 2023 canjin kuɗi ya sa mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen mudun gari. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Nijar, iyaka ta rufe. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a shawarce mu ba, kuma ko wane sai da ya shigo har madafar gidajenmu.

Bari in fara da kaina. Kakar 2023 na sayar da gero buhu 5 don hidimar biki da canza babur. Kafin damina ta yi tsakiya na koma kasuwa ina sayen geron nan tiya-tiya, kusan ninki biyu. Tsohuwata ta kalle ni ta ce, "Ɗan nan, ubanka bai taɓa buɗe rumbun damina da rani ba." Wallahi kunya ta kama ni, don gaskiya ta faɗa. Mutanen da suka ga farin 1973 da na 1984 suna raba rumbu biyu: na ci yanzu, da wanda ba a taɓawa sai an fara noma.

To mi za mu yi? Ga abin da nake gani, kuma babu wanda ya fi ƙarfin talaka gaba ɗaya.

Na farko, lissafi. Zauna da uwargida ka tambaye ta tiya nawa gidan ke ci a rana. In tiya 2 ce, daga Yuni zuwa Satumba kwana 120 ke nan, tiya 240. A buhun da ke cin tiya 40, buhu 6 ne. Wannan shi ne naka na damina, duk abin da za a sayar sai bayan an ware shi. A kakar 2025 hatsi ya yi sauƙi, manomi ya yi kuka don kuɗin taki bai fito ba, amma ga ma'aikaci da ɗan kasuwa irin wannan lokaci ne na saye. Kada a jira bazara.

Na biyu, ajiya. Gero da dawa a bar su a dami, sun fi daɗewa haka fiye da in an sussuke. Wake kuma a shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a buhun PICS mai leda biyu ciki, ko jarka mai murfi, a cika ta a toshe. In iska ba ta shiga, ƙwari mutuwa suke yi da kansu. Don Allah a daina zuba maganin feshi cikin abin da ɗiyanmu za su ci.

Na uku, kayan miya. Lokacin da tumatir ke ruɓewa a kasuwa don araha, iyayenmu mata yanka shi suke yi su shanya kauɗa. Haka kuɓewa, kuka, zogale, tattasai da gabu. Yau wasu matasanmu suna ganin wannan ƙauyanci ne, sai damina ta zo a koma sayen tumatir na leda.

Na huɗu, abin da ba ya buƙatar sabis. A ajiye ɗan tsabar kuɗi a gida, ko na mota da magani. Lambobin 'yan uwa a rubuta a takarda. Katin ɗan ƙasa, takardun gona da na makaranta a haɗa su leda guda inda hannu zai kai cikin duhu. Akuya biyu a bayan gida kuwa banki ce da ba a cewa babu sabis.

Na biyar, lafiya. Kowace uwa ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari ba tozo, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana riƙe yaro mai gudawa kafin a kai asibiti. Sannan ga sabon darasi: duk ƙarfen da ya faɗo daga sama, ko aka tsinta a daji ba a san shi ba, kada yaro ya taɓa, kada a kai wa 'yan gwangwan. A ja da baya, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro.

Na san abin da wasu za su ce. "Malam, ina tawakkali?" Ai Annabi Yusuf (AS) shi ya tsara ajiyar shekara 7 a Masar, kuma hatsin a zangarniyarsa aka bar shi, irin dai yadda kakanninmu ke yi. Wani zai ce wannan ɓoye abinci ne. A'a. Mai ɓoyewa yana jiran farashi ya hau ya ci da gumin jama'a. Mai tanadi abincin iyalinsa ya ware, kuma ya fitar da zakka.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta 'yan uwanmu na wasu ƙauyukan Kebbe da ba su samu yin noma yadda suka saba ba saboda rashin tsaro. Wanda bai girba ba, mi zai ajiye? Nan kam ba ni da wata dabarar da za ta maye gurbin gwamnati. Tsaro haƙƙinmu ne a kanta, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma kafin nan, kowace unguwa tana iya yin rumbun jama'a: duk magidanci ya kawo tiya 2 ko 3, a damƙa wa liman da dattawa biyu, a rubuta a littafi, a buɗe a watan Agusta ga marayu, zawarawa da waɗanda suka yi gudun hijira. Gida mai buhu 20 a tsakiyar maƙwabta masu yunwa ba shi da kwanciyar hankali.

Ni dai na ware buhunana 6, na ba tsohuwa makullin ɗakin don ban yarda da kaina ba. Kai fa? Tambayi uwargida yau da dare, ka zo ka gaya mana tiya nawa ta ce.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa damina mai zuwa ta yi albarka. Amin.