Hawan Keke Domin Cikar Shekara Hamsin: Wauta Ce Ko Hikima?

Bahaushen dauri bai san ranar haihuwarsa ba, bai kuma damu da ya sani ba. Idan aka tambaye shi shekarunsa sai ya nemi wani babban abu da ya auku ya jingina da shi, ya ce an haife shi shekarar fara, ko shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, watau 1956, ko kuwa shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, watau 1973. Zuwan boko da takardar haihuwa da aikin gwamnati su ne suka koya wa mutane riƙe rana da wata, har ga shi an kai lokacin da ma'aikaci ba zai cika arba'in ko hamsin ba sai an yi walima, an buga hotuna, an cika gari da saƙonnin taya murna. A wasu ƙasashe kuwa akwai masu wata ɗabi'a dabam: idan magidanci ya kai wannan munzali sai ya ɗauki keke ya yi tafiya mai nisa, wani ma yakan ƙayyade wa kansa mil guda a kan kowace shekara da ya yi a duniya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wannan ɗabi'a ta fi walima amfani, kuma babu inda za ta fi ma'ana irin ƙasar da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Da farko ya kamata a kawar da wani shakku. Malamai sun sha bamban a kan hukuncin bikin ranar haihuwa, wannan kuwa fagensu ne, ba na ɗalibin harshe ba. Amma tafiyar da ake magana a kanta babu kiɗa a cikinta, babu yanka, babu almubazzaranci. Mutum ne kawai ya tsaya ya yi wa kansa hisabi. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Ahƙaf, ya ambaci shekara arba'in a matsayin lokacin cikar ƙarfi da komawa ga godiya, kuma a wannan shekara ce aka aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ashe ke nan tsayawa a yi tunani a tsakiyar rayuwa ba baƙon abu ba ne ga Musulmi.

Babban abin da zai hana dattijo hawa keke a yau shi ne bakin mutane. Da zarar an ga shugaban makaranta ko babban akawu yana tuƙa feda a kan titi, sai a fara raɗa, a ce wane ya karye, ko kuwa girma ya faɗi. Iyalinsa ma sai su ji kunya. Alhali kuwa a zamanin En'e keke abin alfahari ne. Malamin gona da duba-gari da malamin makaranta da masinjan hakimi duk a kansa suke yawo, ana yanka masa lasin, ana goge shi kowace safiya, ana yi masa ado da ƙararrawa da madubi. Keken Raleigh, wanda har masana'antar harhaɗa shi aka kafa a Kano, ya taɓa zama dukiyar da ake nuna mutum da ita, samari kuma suna tara kwabbai domin su karɓi hayarsa na sa'a guda. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 da arzikin man fetur su ne suka ɗora ma'aikaci a kan babur, daga nan aka bar wa yara da manoma dokin ƙarfe. Ko da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ƙoƙarin farfaɗo da shi a 2001, dariya aka yi masa, musamman da wata bas ta ture shi a Abuja yana kan kekensa. Sai da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 sa'an nan mutane da yawa suka tuna da mai faci.

Wannan raini yana da tsada, kuma jiki ne ke biya. Ma'aikacin da ya fita daga ɗaki ya shiga mota, ya fita daga mota ya zauna a kujera, ya dawo ya ci tuwo ya kwanta, shi ne wanda hawan jini da ciwon sukari ke yi wa sallama da zarar ya haura arba'in. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a kowane mako. Keke kuwa ya dace da mai shekaru, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin mutum, gwiwoyi ba su shan wahalar da suke sha wajen gudu. Bugu da ƙari, wanda ya ɗaura niyyar doguwar tafiya ba zai tashi rana ɗaya ya yi ta ba. Dole ya ga likita a auna jininsa, dole ya yi watanni yana gwaji da sassafe, yana ƙara nisa kaɗan kaɗan. Wannan shiri shi ne ribar, ko an kai ga tafiyar ko ba a kai ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

To, me ya sa aka zaɓi waɗannan garuruwa uku? Dalili shi ne, wanda aka haifa a wannan yanki a 1975, ya cika hamsin a 2025, tsaran madatsar ruwan Bakalori ne. An fara gina ta a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. Tafkin ya haɗiye gonaki da gidaje, dubban mutane suka tashi, rigimar diyya kuma ta yi tsanani har zuwa watan Afrilu na 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a wajen Birnin Tudu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka rasu, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Mai shekara hamsin yana ɗan shekara biyar aka yi wannan. Yana da ashirin da ɗaya aka cire Jihar Zamfara daga Sakkwato, ran 1 ga Oktoba, 1996. Saboda haka idan ya hau keke ya bi gefen magudanan ruwan da suka ratsa ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, tarihin kansa yake karantawa.

Mai mota ba ya ganin wannan tarihi, domin gilashi a rufe yake, ƙura kawai yake bar wa na ƙasa. Mai keke kuwa dole ya yi sallama, dole ya amsa. Zai ga inda ruwa ke gudu shinkafa ta yi kore shar, ya ga inda yashi da ciyawa suka toshe magudana manomi ya koma ga injin ban-ruwa da man da zai saya da tsada. Zai tsaya wurin mai shayi ya ji nawa ake sayar da buhun taki, ya ji kuma ƙauyen da ya watse. Ɗalibin Hausa ma yana da nasa rabo a nan, domin kuwa hanya ce ta jin Zamfarci daga bakin masu shi, sa'an nan hanya ce da Musa Ɗanƙwairo ya sani sarai, shi da aka haifa a Bakura, ya yi suna a fadar Sarkin Kayan Maradun, ya rasu a 1991. Gani ya kori ji, kuma malamin da ya ga ƙasarsa a kan sirdi ba zai koyar da ita kamar wanda ya karanta a takarda ba.

Sai dai akwai hujja guda mai nauyi da masu suka za su kawo, wadda ba a iya kau da kai daga gare ta, watau rashin tsaro. A ran 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na wannan shekara suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ran 1 ga Satumba kuma suka ɗauki ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya da ke Maradun. Garuruwa uku, hare-hare uku, cikin shekara ɗaya. Abin ya kai ga an rufe kasuwannin mako, an katse layukan waya a jihar baki ɗaya na wani lokaci. Babur ɗin da ya kori keke daga hannun ma'aikaci shi ne ya zama abin hawan mahara. Wanda duk ya ce wa magidanci ya rufe ido ya shiga daji shi kaɗai domin ya cika buri, bai yi masa nasiha ba, don yana da iyalin da ke jiran dawowarsa.

Amma wannan hujja ba ta rushe shawarar ba, sai ma ta bayyana nauyinta. Mai niyya yana iya auna tafiyarsa da abin da hali ya bayar. Ya fita da abokai, da rana, a lokacin hunturu kafin zafin bazara ya sauko, ya tanadi ruwa da famfo da kayan faci, ya nemi shawarar masu unguwanni da direbobin da suka san hanya, inda aka ce kada ya bi ya haƙura. Idan kewayen gari kaɗai ya samu, ya kewaya har ya cika adadin da ya ɗauka. Abin da ba zai kamata ba shi ne a mayar da tsoro ya zama hujjar zama a kujera har abada. A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya tashi a kan keke da nufin zuwa Jami'ar Azhar, ya yi wata huɗu yana ratsa ƙasashe har Cadi, inda aka taimaka masa ya ƙarasa Alƙahira ta jirgin sama, aka kuma ba shi gurbin karatu. Ba a ce dattijo ya yi gasa da yaro ba, amma kewayen Bakalori bai kai ko kusa da wannan ba.

Daga nan magana ta koma kan shugabanni. Waɗannan garuruwa uku kowannensu ya ba Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Yankin da ya riƙe mulki shekara ashirin yana da haƙƙin ya tambayi abin da ya samu. Ana auna zaman lafiya da jawabai da yawan motocin sintiri, amma akwai ma'aunin da ya fi waɗannan gaskiya. Mai jerin gwanon motoci da rakiyar sojoji yana iya bin kowace hanya, don haka wucewarsa ba ta shaida kome. Mai keke ba shi da gudu, ba shi da sulke, ba shi da mai tsaronsa sai Allah. Ranar da dattijo mai furfura zai yi sallar asuba a Mafara, ya karya kumallo a Bakura, ya yi la'asar a Maradun, iyalinsa kuma ba su zauna riƙe da waya cikin fargaba ba, ranar ce za a ce ƙasa ta zauna.

Saboda haka, malamin da ya ga hamsin ta gabato, kuɗin da zai kashe wajen walima ya sayi keke da su, ya fara fita bayan asuba. Abokan aikinsa su daina dariya su bi shi. Ɗalibai kuma, waɗanda su ne za su cika hamsin nan gaba, su riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'arsu ko zai iya hawa keke daga Mafara zuwa Maradun ba tare da rakiya ba. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.